Kafin ka kai jirgi ruwa: me ya kamata ka saya don toshe ɓula?

Wani abokina da muke unguwa ɗaya a Kubwa, Abuja, ya sayi ƙaramin jirgin faiba mai inji, na hannu, wai mu riƙa zuwa Shiroro kamun kifi ƙarshen mako. Fitarmu ta biyu muka hau kututture. Wanda ya san wurin ya gane abin da nake nufi, tun da aka tare kogin Kaduna aka yi dam ɗin itatuwa suka nutse a tsaye, da rani idan ruwa ya ja baya kawunansu na nan dab da sama, ba ka ganinsu sai dai ka ji ƙum. Tsagewar ba ta wuce tsawon yatsa ba amma kafin mu gama salati ruwa ya kai idon sawu, muka buɗe akwatin gyaran mutumina, silikon ne guda biyu da salatif. Shi kenan fa.

To bari in fara da silikon ɗin tunda shi kowa ke fara ɗauka a shago. Kar ka saya don wannan aikin. Ba ya kama wuri mai jiƙa, yana son kwana guda kafin ya bushe, kuma mafi haushi yana barin maiƙo a jikin faiba ta yadda ranar da za a yi gyaran gaskiya sai an kankare wurin sosai kafin gam ya kama. Salatif mai kauri kuwa ka riƙe ɗaya, yana ɗaure tiyo ko tsagewar da ke sama da ruwa, amma a ƙasan jirgi wasa ne.

Abin da nake ba kowa shawara shi ne gam ɗin ifoksi irin na dunƙule, wanda yake zuwa kamar sandar alawa mai kala biyu. Ka yanko, ka murza da yatsu har kalar ta zama ɗaya, za ka ji ya fara ɗumi, sai ka danna shi cikin tsagewar ka riƙe da tafin hannu na 'yan mintuna. Amma ka duba kwalin da kyau ko an rubuta yana kamawa cikin ruwa, don ba duka ba ne. Kuma kar mai shago ya miƙo maka Araldite na ruwa mai bututu biyu ya ce ai duk ɗaya ne, wancan gam ne mai kyau amma busasshen wuri yake so, a jiƙaƙƙen wuri zamewa kawai zai yi. Ka matsa sandar tun a shagon, in ta yi tauri kamar dutse ta daɗe a zafi, ajiye musu kayansu.

Ruwan faiba da zarensa, irin wanda masu gyaran bamba ke aiki da shi a Apo ta Abuja, shi ne gyaran da zai daɗe. Sai dai aikin tudu ne, a fito da jirgi, ya bushe, a goge da samfefa. In ka zuba maganin daskarwa da yawa a zafin rana kafin ka shafa rabi ya sandare a gwangwani. Ka saya ka bari a mota.

Ranar nan abin da ya cece mu ma ba gam ba ne. Wani dattijo masunci ya matso da kwale-kwalensa, ya ce "samari, ku koma ɗaya gefen," muka karkata jirgin tsagewar ta ɗan ɗago, ya zura wani tsohon tamfol ta ƙarƙashin jirgin ya ɗaure da igiya gefe da gefe, ruwan da kansa ya manna tamfol ɗin a bakin tsagewar. Na ce Baba wannan dabara fa? Dariya kawai ya yi. Tun daga nan tamfol da igiya na kasuwar Dei-Dei ba sa barin jirgin. Masu jirgin katako su kwalta da tsumma suke cusawa tsakanin katakai, wani lokaci a rufe da kwano da ƙusa, yana aiki amma sai an hura wuta, kuma a faiba kar ka soma buga ƙusa.

Wajen kwashe ruwan da ya shigo, famfo ko bokiti? Famfon batir mai 12V yana da daɗi, hannunka na kan tuƙi shi yana aikinsa, amma adadin ruwan da aka rubuta a kwali ba ya kaiwa da zarar ya fara tura ruwa sama ta tiyo, ɓawon kifi da ganyen kainuwa na toshe shi, batir ya jiƙe kuma zance ya ƙare. Famfon hannu ya fi amana. Ni dai jarka da aka yanke wa gindi na fara sa wa igiya, famfo ya biyo baya in kuɗi ya ragu.

Wajen inji, filogi biyu, igiyar tayarwa, sifana, da farfela ta safaya. Ƙananan injuna da yawa suna da ɗan fin a farfela wanda aka yi shi don ya karye in ka daki abu, ya kare giyar inji, ka sayi uku ko huɗu, kar ka maye gurbinsa da ƙusar kankare. Ka je da tsohon filoginka Zuba ko Apo a haɗa lamba, jabu sun yi yawa.

Rigar ruwa kuma, wato mai hana nutsewa, ta kumfa za ka saya ba mai hurawa ba, ta kumfa ba ta ɓulewa. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta Najeriya, NIWA, da ke da hedikwata a Lokoja ta wajabta sakawa, ta kuma hana tafiyar dare. Ka gwada ta a shago, ka ɗaure bel ɗin, wani ya ja kafaɗun sama, in ta haura kunnenka ta yi maka yawa, nemi ƙarama.