Wane fikof ne zai ba ka muryar jita irin ta shekarun 1960?

Mai neman muryar jitar da ake ji a tsofaffin faya-fayan garmaho, wadda kowace tsirkiya take fita tas kamar ƙararrawa, amsa-kuwwa na biye da ita, ba ƙarfi yake nema ba. A nan ne masu saye da yawa a Bauchi suke yin tuntuɓe. Mai kaya ya ce "wannan ta fi ƙara", sai a ƙirga kuɗi a miƙa. Alhali kiɗan jita zalla na wancan zamani, na Ingila da Amurka ne ko hailaif da rumbar Kwango da iyayenmu suka sha ji a rediyo, da fikof mai matsakaicin ƙarfi aka yi shi, ba a kuma ƙure amfilifaya ba.

Fikof dai maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, yana zaune ƙarƙashin tsirkiyoyin jitar lantarki, shi ke ɗaukar kaɗawarsu ya aika wa amfilifaya. Idan naɗin ya yi yawa, ƙarfi ya ƙaru, amma kaifin murya ya dushe. Iri uku za ka tarar a kasuwa.

Na farko shi ne mai koyil ɗaya, wato ƙunshin naɗin waya guda, irin wanda kamfanin Fender ya sa guda uku a jikin jitarsa Stratocaster tun 1954. Shi ne ya fi kusa da abin da kake nema, kuma shi muke ba da shawarar saye. Sai dai jitocin da suka kwaikwayi siffar Stratocaster sun cika gari, cikinsu kuwa ba ɗaya ba ne. Ka roƙi mai kaya ya bari a kwance farantin gaba, ka juya fikof ɗin. In ka ga an manna wani baƙin sanda a ƙarƙashinsa, maganaɗisun siramik ne, mai araha, muryarsa takan yi tsauri. In babu komai a ƙasa sai gindin ƙusoshi shida, to su kansu ƙusoshin ne maganaɗisun, wato Alnico, irin na asali. Sannan ka tafi da mitar mai gyaran rediyo. Ka soka kebul, ka buɗe boliyom har goma, ka auna tsakanin kan filogi da jikinsa. Na tsohon yayi yakan nuna kusan kilo-om 6. Wanda ya haura 8 an yi shi ne don wani kiɗan daban.

Na biyu shi ne P-90 na kamfanin Gibson, wanda ya fito a 1946. Shi ma koyil ɗaya ne, amma mai faɗi, awonsa wajen kilo-om 8. Muryarsa ta fi kauri, tana da ɗan gurnani in ka matsa masa. Ya dace da mai kiɗan hailaif da ke son jiki a sautinsa, sai dai ba kasafai ake samunsa a gwanjo ba.

Na uku shi ne mai koyil biyu, hambaka, wanda Seth Lover ya ƙera wa Gibson, ya hau jitar Les Paul a 1957. An yi shi ne musamman don kashe ƙugi, kuma yana kashewa. Amma kaifin nan na sama yakan tafi tare da ƙugin. Mai son taushin jaz zai ji daɗinsa. Mai son ƙararrawa ba zai samu ba, ko da ya murɗa komai har ƙarshe.

Maganar ƙugi ba ƙarama ba ce a wajenmu, shi ya sa dole a tsaya a kanta. Mai koyil ɗaya yana zuƙo ƙugin wutar lantarki, wadda a Najeriya take kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, ga janareto, ga soket ɗin da ba a haɗa masa wayar ƙasa ba. Wanda ya taɓa kiɗa a wajen biki a Yelwa, ƙaramin janareto yana ruri a bayan rumfa, ya san yadda jita take kuka tun kafin a taɓa ta. Saboda haka ka nemi saiti wanda fikof ɗinsa na tsakiya an juya naɗinsa da maganaɗisunsa. Gwajin mai sauƙi ne: kai makunnin zaɓen fikof matsayi na 2 ko na 4, in ƙugin ya ɗauke, ka dace. Jitocin farko ba su da wannan, makunninsu ma matsayi uku ne kawai har zuwa 1977, makaɗa ne suka gano suna maƙale shi a tsakani. Shimfiɗa takardar tagulla a cikin ramin jitar, a haɗa ta da wayar ƙasa da dalma, yana rage wani ɓangare na hayaniyar da kuɗi kaɗan.

Kafin ka sayi sabon fikof ma, ka gwada saita wanda kake da shi, don sau da yawa laifin na tsayi ne. Danne tsirkiya a firet na ƙarshe (firet su ne siraran ƙarafunan da aka jera a wuyan jita), ka auna ratar da ke tsakaninta da kan ƙusar fikof. Ma'aunin Fender ga irin na da shi ne milimita 2.4 a ɓangaren masu kauri, milimita 2 a ɓangaren sirara. In fikof ya matso fiye da haka, maganaɗisu yana jan tsirkiya, sai ka ji murya tana rawa kamar ba a ɗaure ta daidai ba, ta kuma mutu da wuri. Rabin juyin sukundireba kan gyara abin da mutum ya yi wata yana zargin amfilifaya a kai.

Don jan waƙa da tsirkiya ɗaya, fikof na kusa da jaki, inda tsirkiyoyi suke zaune, shi ne mai cizo. A tsohon haɗin Stratocaster babu abin rage kaifi a kansa, don haka in ya yi maka tsini a kunne, mai gyara zai iya mayar da waya ɗaya ya haɗa shi da abin rage kaifi na biyu, ka ajiye shi a 6 ko 7. Na wuya yana ba da murya mai ɗumi ta waƙar sanyin dare. Ka duba bayan boliyom ɗin kuma: wanda aka rubuta wa 250k, wato awonsa kilo-om 250, ake sa wa mai koyil ɗaya. In ka ga 500k, shi ya sa jitar take ƙarar gwangwani.

Tsirkiya kuwa ka ɗauki ta nikel zalla mai kauri lamba 11, ko mai sulɓin naɗi in ka samu, ka bar siririya lamba 9 ga masu lanƙwasa tsirkiya. Kebul kada ya wuce mita 5, don doguwar waya tana shanye kaifi. A amfilifaya ka bar sauti tsaf, ka ƙara amon sifirin, wato amsa-kuwwar da ke cikin amfilifaya, ko gajeriyar amsa-kuwwa guda ɗaya.

In lokacin hunturu za ka sayi ta hannu, ka shafa gefen wuyan da yatsa. Bushewar iska tana sa itace ya tsuke, bakin firet ya fito yana yankan hannu. Ka murɗa kowane boliyom a hankali jitar tana kunne. Ƙarar karce-karcen da za ka ji yawanci ƙura ce, feshin wanke lantarki yana fitar da ita, amma in murya tana ɗaukewa gaba ɗaya a tsakiyar murɗi, sai an canja shi, ka cire kuɗinsa daga ciniki.