Wayar 5G mai batirin 5,000mAh: yadda ta kasance a hannun mazaunin Bauchi

Wayar da nake magana a kanta tana cikin wayoyin nan masu matsakaicin farashi da suka cika shagunan da ke kewaye da Kasuwar Wunti, waɗanda ake buga 5G da manyan baƙaƙe a jikin kwalinsu, sannan a rubuta 5,000mAh can ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Tana ɗaukar layi biyu, fuskarta ta haura inci shida da rabi, kuma an haɗo ta da kan caja mai ƙarfin wat 33. Mai shago da 5G yake fara talla, domin shi ne ya sa ta fi 'yar uwarta mai 4G tsada, amma bayan na riƙe ta tun daga lokacin hunturu har bazara ta kankama, abin da na gani shi ne batirin ne ya biya kuɗinsa.

Idan na cire ta daga caji da asuba, ina kira, ina duba WhatsApp da Facebook, ina kuma kallon bidiyo jefi-jefi, takan kai ni bayan sallar isha'i da sauran caji a cikinta. Ga wanda yake zaune a unguwar da ake ɗauke wuta ba tare da sanarwa ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ya rage mini zarya zuwa wurin masu cajin waya da janareta. Cajar ma ta yi abin yabo, saboda cikin kimanin rabin awa takan cika kusan rabin batirin, ta yadda ko wutar da aka kawo ta ɗan lokaci ce, mutum zai samu abin da zai wuni da shi.

Sai dai wannan juriya ba ta samu ba sai da na shiga saitin wayar na hana ta neman 5G, kuma a nan ne ya kamata mai saye ya natsu. Layukan GSM sun fara aiki a Najeriya a watan Agustan 2001, an ba da lasisin 3G a 2007, manyan kamfanoni suka baza 4G daga wajajen 2016. Shi kuwa 5G, a watan Disamban 2021 Hukumar Sadarwa ta Najeriya ta yi gwanjon zangonsa na 3.5GHz, wato hanyar iskar da saƙonsa ke bi, kamfanonin MTN da Mafab suka saya a kan dala miliyan 273.6 kowannensu, kuma da MTN ya fara a 2022, biranen da aka ambata a Arewa su ne Abuja da Kano da Maiduguri. Wannan zango yana da sauri ƙwarai, amma ba ya cin nisa, kuma bango yana tare shi fiye da yadda yake tare ƙananan zangunan da 2G da 4G suke hawa. Bugu da ƙari, irin 5G ɗin da aka fara da shi a nan a kan 4G yake jingina, wato dole wayar ta riƙe hanyoyi biyu a lokaci guda, kowacce tana jan nata rabon daga batiri. A gidana da wurin aikina ban ga alamar 5G ta fito a saman fuskar wayar ba, don haka ban ga dalilin barin ta a buɗe ba.

Abin da ya fi cinye caji a wannan yanki namu shi ne raunin sabis. Duk lokacin da waya ta yi nisa da turken sadarwa, sai ta ƙara ƙarfin da take aika saƙo da shi, kamar mai ƙwala wa wani kira daga tsallaken kogi, kuma da layi biyu a ciki wahalar takan ƙaru. Na fi ganin haka a hanyar Bauchi zuwa Gombe ta Alkaleri, inda alamar ke sauka daga 4G zuwa H+, wato 3G, daga nan zuwa E, wato tsohon 2G da ko hoto ba ya buɗewa da daɗin rai, sannan ta sake hawa. A irin wannan tafiya wayar takan ɗumama a aljihu ko da ban taɓa ta ba, cajin kuma ya zube fiye da yadda yake zuba a wuni guda cikin gari. Kashe data kafin a bar gari yana rage asarar sosai.

Aibinta na gaskiya shi ne zafi. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin rana ke kusantar digiri 40, bayanta yakan yi zafi idan ana kallon bidiyo, kuma da kanta take rage saurin caji don kare batirin. Batirin litiyam ba ya shiri da zafi, yana rage masa kwana, saboda haka danna waya tana kan caji a irin wannan yanayi, ko ajiye ta a gaban mota, cutar da ita ne. Akwai kuma saitin fuska na 120Hz, wato fuskar ta riƙa sabunta hoto sau 120 a daƙiƙa, wanda ke sa rubutu ya riƙa zamewa sumul a ƙarƙashin yatsa. Kyau kam yana da shi, amma mayar da shi 60Hz ya ƙara mini lokaci a fili.

Wanda yake yawan zuwa Abuja ko Kano, ko yake niyyar riƙe waya shekaru masu yawa, ƙarin kuɗin 5G ba asara ba ne a wurinsa. Wanda harkarsa ba ta wuce Yelwa, Fadaman Mada da Muda Lawal ba kuwa, gara ya tambayi farashin mai 4G da batiri iri ɗaya, ya sa ragowar kuɗin a fawa bank mai kyau, yana sane da cewa mai 10,000mAh ba ya cika irin wannan waya sau biyu, saboda wani kaso yana salwanta wajen juya wutar. Kuma idan za a gyara saiti, a zaɓi wanda ya haɗa 4G da 3G da 2G. Wasu masu gyara sukan kulle waya a kan 4G zalla don data ta yi sauri, alhali idan layin mutum ba shi da VoLTE, wato tsarin yin kira ta kan 4G, kira ta 3G ko 2G yake shigowa, sai a yi ta nemansa ana jin ba a samunsa, shi kuwa yana zaune da sabis cike.