Na karanta Dune da Watchmen a jere, ga abin da na gani

Littattafai biyu na saya a lokaci ɗaya, Dune na Frank Herbert da kuma Watchmen wanda Alan Moore ya rubuta Dave Gibbons ya zana, dukansu masu laushin bango, kuma niyyata ita ce in fara da Dune tunda shi ne rubutu zalla mai kauri, in na gama sai in huta da mai zanen. Ashe ba haka abun yake ba. Dune kwana goma sha ɗaya ya ɗauke ni, Watchmen kuwa sai da ya ci min kusan sati uku, ba don ya fi yawan kalmomi ba, sai don shafi ɗaya sai ka karanta shi sau biyu, ɗaya don maganar ɗaya don zanen, wani lokacin ma ka koma baya shafi ashirin don ka tabbatar abin da idonka ya gani ɗazu da gaske yana nan.

Bari in fara da Dune. A 1965 ya fito a matsayin littafi, bayan an riƙa buga shi kashi-kashi a mujallar Analog, kuma kamfanonin ɗab'i sama da ashirin suka ƙi karɓarsa kafin Chilton ya karɓa, kamfanin da aka fi sani da buga littattafan koyar da gyaran mota. Daga baya shi ya ci kyautar Nebula ta farko da aka taɓa ba wa littafin labari, ya kuma raba kyautar Hugo ta 1966 da littafin Roger Zelazny, dukansu manyan kyaututtuka ne na ƙagaggun labaran kimiyya. Labarin wani yaro ne ɗan shekara 15, Paul Atreides, da sarkin sarakuna ya tura gidansu su karɓi mulkin wata duniya mai suna Arrakis wadda hamada ce gaba ɗayanta, babu ruwan sama babu kogi, amma a nan kaɗai ake samun wani sinadari da ake kira melange wanda in babu shi jiragen sararin samaniya ba za su iya doguwar tafiya ba. To kun ga wanda ya riƙe Arrakis ya riƙe maƙogwaron kowa.

Shafi hamsin na farko wallahi akwai wahala, ba zan ɓoye muku ba. Marubucin ba ya tsayawa ya yi maka bayani, kawai zai jefo maka Bene Gesserit da Mentat da Kwisatz Haderach kamar dama can kun saba, sai ka riƙa saka yatsa a ƙarshen littafin inda aka jera ma'anar kalmomi kana komawa kana dawowa. Shawarata kar ka yi ta komawa, ka duba biyu uku ka ci gaba, da kansu za su zauna maka a kai.

Abin da ya kama ni ba yaƙin ba ne, ruwa ne. Mutanen hamadar, Fremen, suna saka wata riga mai tace zufa da numfashi da duk wani danshin jiki ta mayar da shi ruwan sha, in mutum ya mutu sai an tatse ruwan jikinsa a mayar wa al'umma saboda a wurinsu naman naka ne amma ruwan na jama'a ne. Akwai inda shugabansu Stilgar ya tofa yawu a kan teburi a gaban mahaifin Paul, mutanen fada suka zabura za su far masa don sun ɗauka raini ne, sai aka fahimtar da su cewa wannan girmamawa ce mafi girma, mutum ya ba ka ruwan jikinsa kyauta. Akwai kuma inda Paul ya zubar da hawaye a kan mutumin da ya kashe a fito-na-fito, mutane suka riƙa taɓa fuskarsa cikin mamaki wai yana ba mamaci ruwa. Nan na ajiye littafin na yi shiru na ɗan lokaci. Irin wannan ne nake nema a ƙagaggen labarin kimiyya, a canza abu ɗaya tak, a nan ƙarancin ruwa, sannan a bi shi har cikin gaisuwa da makoki da aure da yadda ake auna dukiya. Herbert ya samo tunanin ne lokacin da ya je nazarin tuddan rairayi a jihar Oregon a 1957 inda gwamnati ke shuka ciyawa don hana yashi cinye hanyoyi, kuma za ka ji wannan a jikin littafin, hamadar tana da lissafi, har manyan tsutsotsin da ke rayuwa a ƙarƙashin yashinta masu kai tsawon mita 400 suna da dalilin zamansu, kuma saboda sautin taku mai tsari ke janyo su dole mutum ya koyi tafiya a hargitse.

Mai jin Hausa zai tarar da kalmomin da kunnensa ya sani. Mahdi, Lisan al-Gaib, jihadi, da sunan da Paul ya zaɓa wa kansa, Muad'Dib, wanda a labarin sunan wani ɓeran hamada ne amma asalinsa daga kalmar Larabci ce ta mai koyar da ladabi. A nan zuciyata ta rabu biyu gaskiya. Na ji daɗin ganin marubucin bai ɗauki mutanen hamadar a matsayin jahilai ba, su ne ma suka fi kowa sanin ƙasarsu da juriya da amana. Amma yadda aka yi amfani da kalmar jihadi a matsayin ambaliyar jini kawai bai kwanta min ba, an ɗauki kalma mai faɗi an matse ta a ma'ana ɗaya. Finafinan Dune da Denis Villeneuve ya yi a 2021 da 2024 sun kauce wa kalmar, littafin kuwa tana nan a shafi da yawa, gara mutum ya sani kafin ya saya.

Inda Dune ya gaza a ganina shi ne ƙarshe. An yi ta gini a hankali, liyafar cin abinci ɗaya ma an ba ta babi guda cur kowa na auna maganar kowa, sai kwatsam aka tsallake shekara biyu, babban yaƙin da aka yi ta jira ya wuce kamar walƙiya, har mutuwar ɗan Paul na fari a bakin wani muka ji ta. Mugun labarin ma, Baron Harkonnen, mugunta ce kawai aka tara masa ba wani zurfi.

Yanzu Watchmen. Wanda duk yake ganin littafin zane na yara ne, to wannan ba na yara ba ne sam, akwai kisa a fili, akwai tsiraici, akwai yunƙurin fyaɗe, kar a bar shi inda ƙananan yara za su ɗauka don sun ga launi. DC Comics ne suka fitar da shi kashi 12 tsakanin 1986 da 1987 sannan aka haɗe shi littafi ɗaya mai shafi sama da 400, John Higgins ne ya saka launi. Ya ci Hugo a 1988, kuma da mujallar Time ta jera littattafan labari 100 mafiya kyau na Turanci tun daga 1923, a jerin da ta fitar a 2005, shi kaɗai ne littafin zane a ciki.

Tambayar da littafin ya ɗauko mai sauƙi ce. Tun 1938 da Superman ya fito ake zana mutane masu rufe fuska suna dukan ɓarayi, to in da gaske ne akwai su, wane irin mutum ne zai saka abin rufe fuska ya fita da dare yana karya hannun mutane, kuma wa ya ba shi izini? Labarin yana faruwa a Amurka ta 1985 amma ba wadda muka sani ba, Nixon na kan mulki har lokacin, Amurka ta ci yaƙin Biyetnam, an yi doka a 1977 ta haramta wa jaruman aiki sai waɗanda ke yi wa gwamnati, ga Tarayyar Sobiyet ga makaman nukiliya kowa na jiran ranar da za a danna. Sai aka jefo ɗaya daga cikin tsofaffin jaruman ta tagar bene ya mutu, wani daga cikinsu mai suna Rorschach ya fara bincike. A cikinsu duka mutum ɗaya ne kawai yake da ƙarfin da ya wuce na ɗan adam, Dr. Manhattan, masanin kimiyyar da haɗari ya rutsa da shi a ɗakin gwaji a 1959, sauran duk mutane ne kamar kowa, wani ya yi tumbi ya karaya, wata uwarta ce ta tura ta aikin ba da son ranta ba.

Zanen shi ne inda kuɗinka yake. Kusan kowane shafi an raba shi gida tara, uku a sama uku a tsakiya uku a ƙasa, da farko sai ka ga kamar takura ce amma daga baya sai ka gane kamar bugun agogo ne, yana saita maka saurin karatu, shi ya sa ranar da aka fasa tsarin aka ba hoto ɗaya rabin shafi ko shafi guda sai ka ji gabanka ya faɗi. Shafin farko ma kaɗai ya isa misali, an fara da ɗan bajon nan mai fuskar murmushi da ɗigon jini a bakin kwata, gida bayan gida ana ja da baya ana yin sama har sai da aka kai tagar da mutumin ya faɗo. Babi na biyar kuma an gina shi kamar madubi, tsarin shafin farko ya yi daidai da na ƙarshe, na biyu da na kusa da ƙarshe, haka har su haɗu a tsakiya, ni ban lura ba sai da na kai tsakiyar na ga hoton ya buɗe shafi biyu iri ɗaya, na koma ina ƙirga shafuka da hannu. Saboda wannan ne nake cewa a nemi na takarda. A waya gida ɗaya-ɗaya za ka riƙa gani, rabin aikin da Gibbons ya yi ba zai iso gare ka ba.

Babi na huɗu shi ne abu mafi kyau da na karanta a cikin littattafan biyu gaba ɗaya. Dr. Manhattan ya bar duniya ya tafi duniyar Mas yana zaune shi kaɗai da wani tsohon hoto a hannu, kuma shi a wurinsa jiya da yau da gobe duk lokaci ɗaya suke faruwa, sai labarin ya riƙa tsalle daga 1945 zuwa 1959 zuwa 1985 ya dawo, ga mahaifinsa mai gyaran agogo, ga matar da ya so, ga ranar da jikinsa ya tarwatse. Rubutu zalla ba zai iya wannan ba, fim ma ba zai iya ba, saboda a shafin zane duk lokutan suna gabanka a jere kana kallonsu tare, kamar yadda shi yake ganinsu. Abun ya ba ni tausayi ƙwarai, mutum ya san duk abin da zai faru amma ba ya iya canza komai kuma a hankali yana daina damuwa da mutane.

Akwai abin da bai yi min ba. Labarin 'yan fashin teku da wani yaro ke karantawa a gefen mai sayar da jarida, wanda aka saƙa a cikin babban labarin, na gane amfaninsa amma ya yi tsawo. Sannan yadda aka tafiyar da maganar matar da aka so yi wa fyaɗe da abin da ya biyo baya tsakaninta da mutumin bai gamsar da ni ba ko kaɗan, an bar ciwon nata a gefe an fi kula da yadda abun ya shafi wasu. Rubutun da ke ƙarshen babi-babi kuwa, kamar yankin tarihin rayuwar wani tsohon jarumi da rahoton likita da hirar jarida, kar ka tsallake su ko da ka ƙosa, akwai abubuwan da sai a nan za ka same su.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne in tarar littattafan biyu magana ɗaya suke yi. Na shiga Dune ina jiran yaron da zai ceci mutanen hamada, sai na tarar annabcin da suke jira ma wata ƙungiya ce ta shuka shi a cikinsu tun ƙarnoni da suka wuce don ranar da za ta buƙace shi, Paul ya san haka, ya hango jinin da za a zubar da sunansa, kuma duk da haka ya hau. A littafi na biyu na jerin Dune da ya fito a 1969 an faɗi adadin waɗanda suka mutu, biliyan 61. A Watchmen ma wanda ya fi kowa niyyar ceton duniya shi ya aikata abin da ya fi komai muni, ba zan faɗi ko waye ba don kar in ɓata wa wanda bai karanta ba, amma ya zauna ya yi lissafin rayukan mutane kamar yana ƙirga tsaba kuma bai tambayi kowa ba. Shi ya sa nake jin ciwo in na ga ana ɗaukar Paul ko Rorschach a matsayin gwarzon da za a yi koyi da shi. Rorschach mutum ne da aka raunata tun yana yaro, ba ya ganin komai sai fari da baƙi, Moore da kansa ya sha nuna mamakinsa kan masu sha'awar zama irinsa. Ana tausaya masa, ni ma na tausaya masa sosai a babi na shida, amma tausayi daban koyi daban.

In mutum ɗaya kawai zai iya saya, kuma bai taɓa riƙe littafin zane da sunan karatu na gaske ba, Watchmen nake ba shi shawara, na takarda, mai cikakken girman shafi. Wanda kuma yake son ya nutse cikin wata duniya ya manta da inda yake na kwana goma, kuma yana da haƙurin shafi hamsin ɗin farko, ya ɗauki Dune, ya tabbatar bugun da zai saya yana da jerin ma'anar kalmomi da taswira a baya. Herbert ya rubuta littattafai shida a jerin Dune, ni dai na biyun zan nema yanzu, Watchmen kuma na riga na saka takarda a babi na huɗu don can zan koma.