Dubu 680 na biya, batiran ko Sallah ba su kai ba

Wata biyu ina haɗiye maganar nan saboda kunya, yau kam sai ta fito. Dubu 680. Kuɗin adashina ne na shekara guda, har da kuɗin tunkiyar da na sayar na cika.

Kada wani ya zo yana ce min wauta na yi. Ba yau na fara shiga kasuwa ba, shekara tara ina sana'ar ƙanƙara da zoɓo da kunun aya a Mabera, ko buhun sukari ba na saye sai na duba ɗinkin bakinsa. Muna da farantan sola da inbata, batiran ne suka gaji, ga azumi ya gabato, kun san zafin Sakkwato da yadda wuta take. Shi ne na je wajen masu kayan wuta a cikin gari.

Har yanzu ina ganin mutumin nan. Dattijo da tasbaha a hannu, ya sa yaronsa ya kawo min kujera da ruwan sanyi, ya tambayi lafiyar maigida. Ya yanke kwali a gabana, ga leda sabuwa fil. Ya ce, "Hajiya, wanga sabo na dal, jiya munka sauke su daga Legas. In kin ga matsala maido min, shekara guda na ba ki." Ana kiran la'asar ya tashi ya tafi masallaci, ya bar ni zaune a shagon da aljihun tebur a buɗe. Wannan ne ya cuce ni. Na ce a raina mutumin da ya yarda da ni haka, ni ce zan zarge shi? Aljihun tebur a buɗe fa, da kuɗi a ciki.

Batir biyu, dubu 340 kowanne. Na tura dubu 500, na ƙirga masa dubu 180 a hannu. Wai asusun shago yana da matsala, in tura ta na yaronsa. Na tura. Eh, na sani, ba sai kun faɗa min ba.

Ranar 19 ga azumi inbata ta fara kuka tun kafin a idar da tarawi. A'a, kafin nan ma ta yi sau biyu, na ɗauka yara ne suka jona dutsen guga. Da asuba na buɗe firiza, ƙanƙara ta koma ruwa, zoɓon robobi uku ya yi tsami, masu sari suna tsaye a zaure. Mai gyaran da maigida ya kira ya sa makulli ya kankare takardar jikin batir ɗaya, sai ga wata tsohuwa a ƙarƙashi da 2021 a rubuce. Kan batirin an goge shi da samfefa, jikin fenti ne. Tsofaffi aka wanke aka sa a sabon kwali, aka karɓi dubu 680 na.

Na koma sau huɗu, ko biyar. Na farko ya ce mai haɗa min ne ya ƙona su. Na biyu "Alhaji ya yi tafiya", alhali ga takalminsa a bakin ƙofa. Dattawan layin sun zauna sulhu, ya ce zai ba ni dubu 150 in bar wa Allah sauran. Daga baya ya nuna min ƙasan rasit, wai ba a mayar da kaya. To shekara gudan da ya rubuta da bironsa a bayan rasit ɗin fa? Kuma dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ba ta yarda a fake da wannan rubutu a kan kaya mai aibi ba.

Ban taɓa taka kotu ba, gwiwata har rawa take, amma na je kotun ƙananan ƙararraki da ke ƙarƙashin majistare. Magatakarda ya ce ba dole sai da lauya ba, sai dai in fara kai wa mai shagon takardar neman kuɗina, in jira kwana 14. An kai, yaron ne ya sa hannu. Na karɓo takardar banki mai nuna dubu 500 ɗin, rasit yana nuna 680 cif, mai gyara ya ce zai tsaya min shaida. Hotunan hirarmu da mai shagon ta WhatsApp da muryar da yake rantsuwa duk suna wayata, zan sa muku su da hoton takardar da aka kankare in an gama zaman kotu, an ce kada in fitar da sunansa yanzu.

In za ku sayi batir, ku je da mai gyaranku ya gwada a shagon. Kada ku tura kuɗi asusun da ba sunan mai shago ba.

Litinin kwana 14 ɗin ke cika. Batiran suna zaure na rufe su da buhu, na riga na yi ciniki da mai Keke Napep ɗin da zai kai mana su kotu.