Ƙwarzane a sabuwar bindiga: ruwan baƙi, sabon rufi, ko mai da tsumma?

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na ga hotunan nan biyu da ka sa, na ƙwarzanen da ke gefen marfin saman sabuwar ƙaramar bindigarka da na wurin da baƙin ya koɗe kusa da kunama. Kana so ka ji ko ka sayi ruwan baƙanta ƙarfe ka shafa da kanka, ko kuwa ka kai a sake mata rufi gaba ɗaya. Ni dai kada ka yi ko ɗaya a cikinsu yanzu. Tun da ka ce kwana tara ke nan da ka karɓo ta, ɗauki rasit da lasisinka ka koma wurin dilan, ya ga tabon da idonsa kafin hannunka ya taɓa wurin. Ranar da ka shafa mata wani abu, ka ba shi bakin cewa kai ka ɓata.

Kafin ka tafi, cire gidan harsashi, ja marfin baya, leƙa ciki da ido ka kuma sa yatsa ka tabbatar babu komai. Sannan ka fito da ita hasken rana, kada ka dogara da fitilar ɗaki. Bi ƙwarzanen da farcenka. In farcen ya wuce sumul bai maƙale ba, rufi ne kawai ya karce, ƙarfen lafiya lau yake. In ya maƙale, ko ka ga layin ya yi reshe kamar tsagewar bango, ko akwai lotsawa a leɓen bakin bututun inda harsashi ke fita, ko ka haska tocila cikin bututun ka ga 'yan ramuka, to magana ta wuce ta ado. Irin wannan mayarwa ake yi, kuma ba a harba ta ko sau ɗaya kafin nan.

In kuwa ya tabbata ado ne kawai, dila kuma ya ƙi canzawa, to abin da na yarda da shi mai ne da tsumma. A gidanmu na unguwar Aboabo a Kumasi na koye shi. Marigayi mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yana da doguwar bindiga mai baki ɗaya da yake tafiya da ita gonarsa ta wajen Ejura saboda namun da ke ɓarnar masara. Duk Juma'a bayan la'asar zai shimfiɗa buzu a ƙofar ɗakinsa, ya ɗauko wani gwangwanin madara da yake ajiye tsumman tsohon rawaninsa a ciki, ya ɗiga man keken ɗinki ɗigo uku ko huɗu, ya bi ƙarfen tun daga baki har gindi. Ba ya gaggawa, kuma ba ya bari mu matso sai ya karya ta ya nuna mana cikinta wayam. Wurin da tafin hannunsa ke riƙewa baƙin ya tafi tuntuni, ya koma launin toka, santsi kamar bayan cokali. Amma har ya bar duniya babu ramin tsatsa ko guda a jikinta, a garin da damina ke zuwa sau biyu a shekara, takalmin fata ma yana yin fumfuna a ƙarƙashin gado. Har yau in na buɗe kwalbar mai, ƙofar ɗakin nan nake gani.

Tawa ƙaramar haka nake yi mata, sai dai ni man bindiga nake sa wa. Abin da ke cin ƙarfe a Kumasi laima ce da zufar hannu, don zufa gishiri gare ta. Mutanen Accra nasu ya fi namu, iskar teku na kawo musu gishirin har cikin ɗaki. Saboda haka duk ranar da ka taɓa ta, goge ta kafin ka ajiye. Mai kaɗan ya isa, wanda za ka ga ɗan sheƙi amma ba ya tsiyaya, musamman da hunturu, lokacin da ƙura ke manne wa mai ta zama kamar samfefa. Kada ta kwana a kuben fata, fata na riƙe damshi. Sa ta a akwati mai kwaɗo inda yara ba sa kaiwa, harsasai a wani wuri dabam, ka jefa 'yan ƙullin nan masu shanye laima da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi. In ja-ja ya fara fitowa a kan ƙwarzanen, soson ƙarfe mafi laushi, mai lamba 0000, da ɗigon mai, a hankali, zai ɗauke shi.

Ruwan baƙi kuwa na saya, kuma na yi da-na-sani. A watan farko zoben azurfata ya karce mini gefen marfi, raina ya ɓaci, na sa aka taho mini da 'yar kwalba daga waje. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, baƙin masana'anta da na kwalba ba abu ɗaya ba ne. Na gargajiya, dafa ƙarfen ake yi cikin ruwan gishirin sinadari mai zafin da ya kai wajen digiri 140, har fatar ƙarfen kanta ta rikiɗe ta zama baƙar tsatsa mai riƙe mai. Yawancin na zamani ma sun wuce nan, sinadarin naitirojin ake cusa wa fatar ƙarfen ta yi tauri, irin yadda kamfanin bindiga na Glock ya shahara da yi, sannan a ɗora baƙi a sama. Na kwalba kuwa haɗin tagulla ne da sinadarin seleniyam, yana ajiye ɗan siririn launi a kan tsiraicin ƙarfe kawai. A ɗaki wurin ya yi kyau. Da na fito rana sai ga tabo mai shuɗi-shuɗi ya fi ƙwarzanen faɗi, ga wani wari da ya daɗe bai bar akwatin ba. Cikin 'yan makonni launin ya goge, kuma da yake ban wanke wurin da ruwa sosai na bi da mai ba, nan ne tsatsa ta fara kama ni. Iyakar amfaninsa kan kusa ko ɗan ɗigon da bai kai ƙwayar gero ba. Kuma ba ya kama alminiyon, ba ya kama ƙarfen da ba ya tsatsa, balle roba. Ɗora maganaɗisu a wurin nan na kusa da kunama: in bai manne ba, kuɗin kwalbar asara ne tun kafin ka buɗe ta.

Sabon rufi irin su Cerakote yana da kyau in an samu gwani, ban musa ba. Amma sai an wargaza bindigar ɗaiɗai, a feshe ta da yashi a kankare rufin masana'anta duka, a fesa sabo siriri, a gasa a tanderu. Wato za ka zubar da rufin da ya fi ƙarfi saboda layi ɗaya, mai yiwuwa ka rasa garanti, in kuma aka cika kauri sassan su riƙa cijewa. Wannan aikin tsohuwar bindiga ne da ta ci shekara ashirin. Kada kuma wani ya ce maka yana da mai fentin mota a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, da zai fesa maka. Mutanen nan gwanaye ne a kan mota, amma fentin mota ba ya jure man bindiga da zafi. Ga kuma babbar magana: lambar da aka buga a jikinta ita ce ke kan lasisinka. Lasisin nan yana ƙarewa 31 ga Disamba kowace shekara, za ka koma wurin 'yan sanda masu rajistar makamai sabuntawa. In samfefa ta ci lambar ko fenti ya cike ta, me za ka ce musu? Bindigar da sunanka take, saboda haka kada ka bar ta a hannun kowa sai ka tambayi ofishin da ya yi maka rajista.

Wani abu kuma da ba ka tambaya ba, amma ya dame ni da na ga hoto na biyu. Akwai marasa tsoron Allah da ke shafe tsohuwa su sayar a kuɗin sabuwa. Ɗan baƙin hayaƙi a cikin bututu ko ɗan gurbin tagulla kada ya tsorata ka, masana'anta na gwada harbi kafin su fitar. Abin dubawa shi ne saman bututun inda marfi ke gogarsa, ko ya yi fari sosai. Kan kusoshi, ko sukundireba ta taɓa cinsu. Gefen gidan harsashi, ko ya sha shiga da fita. Da cikin haruffan da aka buga, ko fenti ya taru a ciki har gefensu ya dakushe. Lambar jikin bindiga da ta kwali da ta rasit da ta lasisi su zama ɗaya, harafi da harafi. Dila na gaskiya yana da izinin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida kuma ba ya jin haushi in ka ce ya nuna. Wanda ya ce ka kawo kuɗi takarda za ta biyo baya, ko ya ce ku haɗu a bayan tasha, tashi ka bar wurin. Haka ma ƙirar maƙera da ake yi wa fenti a buga mata sunan waje: dokar makamai ta Ghana ta 1972 ta hana ƙera bindiga ba da izinin gwamnati ba, kuma irinta na iya fashewa a hannun mai ita.

Gobe da safe ka je wurin dilan, da hotunan a wayarka masu nuna ranar da ka ɗauka. In ya canza, alhamdu lillahi. In ya ce ragi zai yi maka, kuma farcenka bai maƙale ba, lambobi sun yi daidai, karɓi ragin ka sayi kwalbar mai mai kyau da akwati mai kwaɗo. In kana so, biyo ta shago bayan azahar ran Asabar da hotunan kusoshin da na saman bututun, mu duba tare. Ita kanta bar ta a gida a kulle.