Ajin gyaran waya na ƙarshen mako a Zoo Road: abin da 'yata ta samu da abin da ba ta samu ba

Tun da sabuwar manhajar sakandare ta fara aiki a shekarar karatu ta 2025/2026, hirar iyaye a unguwarmu ba ta wuce wane darasin sana'a yaro zai ɗauka. A manhajar 2011 darussan sana'a 34 ne, har da rini da dukanci da ɗaukar hoto, amma yawancin makarantu ɗaya ko biyu suke iya koyarwa. Yanzu an taƙaita su zuwa shida: haɗa sola, ɗinki, kiwon dabbobi, kwalliya, noman lambu, sai gyaran kwamfuta da waya. Dole ɗalibi ya zaɓi guda. 'Yata da ke aji ɗaya na babbar sakandare ta zaɓi na ƙarshen. Malaminsu yana bakin ƙoƙarinsa, sai dai a allo yake zana musu cikin waya, makarantar ba ta da ko sukuddireba guda. Shi ya sa na kai ta wani ajin ƙarshen mako, kuma da yake iyaye mata sun dame ni da tambaya, ga abin da na gani.

Wurin yana saman bene a wata filaza da ke gefen Zoo Road a nan Kano, a ƙafa ma za ka isa kasuwar waya ta Farm Centre. Mai wurin a can kasuwar ya yi shekaru yana gyara kafin ya buɗe nasa. Ɗaki ne guda mai dogayen tebura, kowane yara biyu da mitar auna wuta ɗaya da ayan ɗin narka dalma ɗaya. Akwai sola, don haka ɗauke wuta ba ya tsayar da aiki. 'Yan mata da safe suke zuwa ranar Asabar da Lahadi, maza bayan azahar. Ba don wannan tsarin ba da babanta bai yarda ba. Kuɗin wata bai kai abin da muke biyan mai yi mata darasin lissafi a gida ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne rashin gaggawar mai wurin. Makonnin farko matattun wayoyi kawai ya zube musu, kwali guda, irin waɗanda masu su suka haƙura suka bari a shago. A kwance, a jera kusoshin a kan takarda yadda aka ciro su, a mayar. Wanda ya gama ya ga kusa guda ta rage masa a tebur, daga farko zai sake. Dokarsa ta farko kuwa, kafin ka taɓa komai a fanel, wato allon cikin waya da kayan wutarta ke manne a kai, ka cire batir. Yarinyar nan har a barci za ta iya faɗa maka wannan.

Daga nan ya shiga da su aikin mita. A nan ne na ga kuɗina sun yi rana. Ta dawo gida tana yi min bayanin cewa batirin ƙaramar waya volt 3.7, wato ƙarfin wutarsa, ake rubutawa a jikinsa, idan ya cika yakan kai 4.2, ita kuwa caja ta yau da kullum 5 take bayarwa. Idan waya ta ƙi caji, ba za ka ce batir ne ba sai ka auna: wutar ta fito daga caja? Ta ratsa igiyar? Ta wuce bakin caji ta isa fanel? Inda ta tsaya, nan ciwon yake. Wannan lissafin na wuta sun yi shi a darasin fiziks tun zangon farko, ta haddace ta ci jarrabawa, amma sai da mita ta yi ƙara a hannunta sannan ta gane abin da ake nufi da an yanke hanyar wuta. Wayata da nake shirin kai wa a canza mata bakin caji, ta haska fitila a ciki, ta sa tsinke ta zaro dunƙulen ƙura da zaren jaka. Shi ke nan gyaran. Ban sani ba ko in yi murna ko in tuna kuɗin da na sha biya a kan irin wannan.

Bulowa, wato na'urar nan mai hura zafi da ake ɗaga ƙananan kayan fanel da ita, bai bari yara su taɓa ba sai da hannunsu ya faɗa a kan dalma. Batirin da ya kumbura kuma akwai bokitin yashi a lungu da ake jefa shi, ba a matsawa, ba a hudawa, don yana iya kamawa da wuta. Ranar da wayar kakarta ta faɗa a baho, Hajiya ta ce a tura ta cikin buhun shinkafa. Yarinya ta ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, shinkafa ba ta shiga inda ruwan ya shiga. Kar dai a kunna ta, a bar min ita in buɗe." Hajiya ta ce, "To, injiniya, Allah ya ba da sa'a." Wayar ta tashi.

Akwai wani darasi da ba ya cikin kowace manhaja, shi kuma yana nanata shi: wayar mutum amana ce. Ba a buɗe hotuna, ba a karanta saƙo, in gwajin sikirin za a yi a yi shi a gaban mai ita. Duk macen Kano ta san fargabar barin wayarta a hannun baƙon namiji ta kwana. Tun yanzu maƙwabta mata sun fara aiko wa 'yata da nasu, ni ce ma nake hanawa saboda karatu.

Sai ɓangaren da ban ji daɗinsa ba. Sunan darasin gyaran kwamfuta da waya, amma kwamfutar a nan 'yar rakiya ce. Tsofaffin na tebur guda biyu ne da laftof ɗaya ga yara duka. Sun ciro ram, wato ƙwaƙwalwar aikin kwamfuta, sun mayar, sun ga faifan ajiyar bayanai (hard disk), sun share ƙurar da ke toshe fanka, wadda ita ce take sa laftof zafi a garin nan musamman da hunturu. Iyakarta ke nan. Ba su sa wa kwamfuta Windows da hannunsu ba ko sau ɗaya. Mutumin mai gyaran waya ne, kuma hakan a bayyane yake.

Na biyu, babu rubutu. Da Hausa yake koyarwa, da sunayen da 'yan kasuwa suke kiran kayan, kuma hakan ne ya sa yara suke ganewa da wuri. Amma WAEC da NECO da Turanci za su yi tambaya, a rubuce za a amsa. Yaron da ya iya canza bakin caji ido rufe zai iya kasa rubuta sunansa daidai. Na yi masa maganar. Ya ce, "Hajiya, ni hannu nake koyarwa, biro na malaman makaranta ne." Na ce, "Malam, ai ko littafi ɗaya ka sa su riƙa rubuta sunan kowane abu da aikinsa." Ya ce zai duba. Har yau yana dubawa. Ni dai na saya mata littafi, duk abin da ta koya ranar Asabar tana kai wa malaminsu na makaranta ranar Litinin ya gyara mata rubutun.

Ƙananan abubuwa kuma: taga ɗaya ce a ɗakin, hayaƙin dalma yana taruwa, ya kamata a sa fanka mai zuƙe shi. Ba a faɗa min tun farko cewa akwai kuɗin dalma da sauran kayan gwaji daban da kuɗin wata ba, sai da aka aiko yarinya da takarda. Ba su da yawa, amma a faɗa wa mutum. Takardar shaidar da yake bayarwa kuwa ta shagonsa ce kawai, ba irin ta NABTEB, hukumar jarrabawar sana'a ta ƙasa, ba ce, kada wani ya ɗauka za ta kai yaro wata makaranta.

Duk da haka za ta koma zango mai zuwa. Wanda yaronsa ya zaɓi wannan darasi a makarantar da ba ta da kayan aiki, wurin ya cancanci kuɗinsa. Wanda kuma kwamfutar ce a ran yaronsa, ya nemi wani wajen. Kafin ku biya, ku hau benen da kanku a lokacin darasi, ku ƙirga mita ku ƙirga yara, sannan ku tambayi kuɗin kayan gwaji.