Abincin makarantar kwana: ƙarin kuɗin ɗan kwangila ko lambu?

Duk wanda ya yi makarantar kwana a Arewa ya san jadawalin: koko da safe, garau-garau da rana, tuwon masara da miyar kuka tsararo da dare. Ciki yana cika, amma abin gina jiki kaɗan ne.

Hanya ɗaya ta gyara ita ce a ƙara wa ɗan kwangila kuɗi ya riƙa kawo ƙwai, kifi da nama. Tana da sauri, kuma babu ganyen da zai maye gurbin ƙwai ga yaro mai tasowa. Matsalarta tsadar kasuwa. Shirin ciyar da 'yan firamare da gwamnatin tarayya ta fara a 2016 naira 70 ya ware wa kowane yaro a rana, kuɗin da yau ko ƙwai ɗaya ba zai saya ba.

Ɗaya hanyar ita ce lambu a bayan kicin. Zogale yana jure fari, ana tsinkarsa ya sake tohowa. Alayyahu kan isa yanka cikin wata guda. A haɗa da rama, tumatir da dankalin Hausa mai launin lemu a ciki, wanda ke ɗauke da bitamin A mai kare ido. Tumatir ɗanye a kan wake ma yana taimaka wa jiki ya sha sinadarin ƙarfe, abin da 'yan mata suka fi buƙata. Sai dai lambu yana son rijiyar burtsatse da mai ban ruwa lokacin hutu, in ba haka ba awaki su gama da shi.

Ni dai lambun na fi so, muddin akwai ruwa. Kuɗin kayan miyan da ya rage sai a saya wa yara ƙwai da shi.